Pickle, Ƙaramin Jirgin da Ya Kai Labarin Tarafalga

Ranar 21 ga Oktoba 1805 manyan jiragen yaƙi 60 suka gwabza a teku daura da tsinin ƙasar da ake kira Tarafalga, a kudancin Sifaniya, 27 na Ingila, 33 na Faransa da Sifaniya a haɗe. Jirgin da Admiral Nelson ke ciki, Victory, igwa 104 gare shi da mutum sama da 800. Santísima Trinidad na Sifaniya ya fi shi ma, don igwoginsa hawa huɗu aka jera su. Can gefe, inda harsashi ba ya kaiwa, wani ɗan jirgi mai suna Pickle yana ta kai da kawowa. Tsawonsa ƙafa 73, faɗinsa ƙafa 20 da 'yan kai, mutanensa kimanin 40. Da ɗaya daga cikin manyan nan zai sakar masa wuta sau ɗaya, da ko allon kirki ba za a tsinta ba. Bai shiga faɗan ba, ba a kuwa so ya shiga. Amma shi ya kai wa Ingila labarin abin da ya faru a ranar, kuma kafin a cika shekara uku ya farfashe a kan duwatsu a wannan gaɓar dai.

Masu ba da labarinsa sukan raba shi gida biyu: a ce 1805 shekarar ɗaukaka ce, 1808 kuma sakacin wani laftanar ne ya jawo asara. Ni ban ga haka ba. Aiki ɗaya jirgin yake yi a duka lokutan biyu, da irin saurin da aka saye shi dominsa. Abin da ya sa aka tuna da shi, shi ne ya kashe shi.

A tsibirin Bamuda aka ƙera shi wajajen 1799, sunansa na fari Sting, kuma ba don yaƙi aka yi shi ba. Mutanen Bamuda sun yi suna wajen ƙera ƙananan jirage masu gudu, da katakon wani itacen tsibirin mara nauyi wanda ba ya saurin ruɓewa, kuma da yawa daga cikin masassaƙa da matuƙan wurin bayi ne baƙar fata. Shugaban sojan ruwan Ingila a Jamaika, Lord Hugh Seymour, ya ɗauki hayarsa a kan fam 10 kowace rana. Da ya ga ba zai iya rabuwa da shi ba, sai ya saye shi fam 2,500 a watan Disamba 1800, alhali hukumar sojan ruwa a Landan ta hana sayen jirage. Lissafinsa a fili yake, hayar kwana 250 ta cinye kuɗin jirgin. Hukumar ta haƙura ta karɓa, ta sauya masa suna zuwa Pickle. A Satumba 1801 zazzaɓin shawara ya kashe Seymour, kuma wannan jirgin da ya saya shi ya ɗauko gawarsa ya haye Tekun Atalantika da ita zuwa gida.

Sai an fahimci ƙirarsa za a gane abin da ya sa shugaba zai saɓa umurni dominsa. Irinsa ake kira sukuna. Manyan jiragen yaƙi ginshiƙai uku gare su, filafilansu kuma a gicciye ake rataya su, don haka sun fi jin daɗi in iska ta biyo bayansu. In ta juyo ta gaba sai su yi ta karkata hagu da dama, kwana ya wuce ba su ci tafiyar kirki ba. Sukuna ginshiƙai biyu gare shi, manyan filafilansa kuwa a miƙe suke daga gaba zuwa baya, saboda haka yana iya tunkarar iska a kaikaice fiye da su, ya juya cikin ɗan wuri. Yawancin igiyoyinsa daga ƙasa ake ja, ba sai an tura mutum ɗari sama ba. Cikinsa bai nutsa ƙwarai ba, yana shiga inda ruwa ba shi da zurfi. Amma komai da farashinsa. Jirgin a kwance yake kusa da ruwa, igiyar teku tana hawa ta wanke shi daga gaba har baya, wurin kwana a matse, kaya ba sa bushewa. Filafilan da ke ba shi gudu su ne ke iya kifar da shi in guguwa ta faɗo ba shiri. Makamansa gajerun igwogi ne guda 8, irin na masana'antar Carron ta Sikotilan, harsashin kowace kilo biyar da rabi, ba sa cin nisa.

Daga 1802 Laftanar John Richards Lapenotière ke riƙe da shi. Mutumin Devon ne, an haife shi a 1770, kakanninsa Faransawa ne da suka bar ƙasarsu saboda addini. Da yaƙi da Faransa ya sake ɓarkewa a 1803 aka tura Pickle cikin rundunar da ta yi wa tashar Brest ta Faransa ƙawanya. Aikin nan ba shi da kirari. Manyan jirage na can tsakiyar teku, shi kuma a kora shi bakin tasha, tsakanin duwatsu da igwogin ganuwa, ya ƙirga jiragen Faransa, ya duba waɗanda suka ɗaura filafilai, ya juyo ya faɗa. Gobe a ba shi jakar wasiƙu zuwa Plymouth, jibi ya dawo da amsa. Ranar 25 ga Maris 1804 wani babban jirgi mai igwa 74, Magnificent, ya hau dutsen da babu shi a taswira kusa da Brest, Pickle na cikin waɗanda suka kwashe mutanensa. A zamanin da babu waya ko rediyo, abin da shugaban runduna ya sani bai wuce abin da ƙananan jiragensa suka gano masa ba, kuma Nelson ya sha kukan ƙarancinsu. A Oktoba 1805 ya ajiye rundunarsa mil 50 yamma da Kadis, tashar da abokan gaba ke ciki, don kada su san yawanta, ya bar 'yan jirage ƙarƙashin Kyaftin Henry Blackwood suna gadin bakin tashar, suna miƙa saƙo da tutoci daga wannan zuwa wancan. Pickle na cikinsu.

Abin da ya yi a ranar yaƙin, da yamma ya yi shi. Wani jirgin Faransa mai igwa 74, Achille, ya kama da wuta daga sama, gobarar ta gangaro, kowa ya san in ta kai rumbun albarushi shi ke nan. Mutanensa suka riƙa faɗawa ruwa, suna rungumar guntayen katako. Pickle da wani ƙaramin jirgi, Entreprenante, da kwale-kwalen wasu manyan jirage suka matsa kusa, alhali igwogin da ke cike suna tashi da kansu saboda zafi. Wajen ƙarfe shida saura kwata Achille ya tarwatse. Pickle ya tsamo mutum sama da 100. A cikinsu har da wata mata mai suna Jeannette, matar wani matuƙi, wadda ta fito ta bayan jirgin ta maƙale a sarƙar sitiyari, narkakkiyar darma na ɗiga mata a wuya da kafaɗa, sai da ta kasa jurewa ta saki jiki cikin teku. Turawan Ingila suka haɗa mata tufafi, daga baya kuma ta sami mijinta da rai a cikin fursunoni. A daren nan waɗanda aka ceto sun ninka masu jirgin, har aka ji suna shawarar ƙwace shi su nufi Kadis, dole aka kwana ana gadinsu da makami. A duk tarihin jirgin nan babu abin da ya fi wannan yammaci girma a idona, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Nelson ya mutu tun da la'asar, ragama ta koma hannun Admiral Cuthbert Collingwood. Kashegari hadari ya taso, ya yi kwanaki yana tura jiragen da suka karairaye zuwa gaɓa. Cikin waɗanda Ingila ta kama, huɗu kaɗai aka samu kaiwa Jibralta. Shi ya sa labarin bai tashi da wuri ba, shi ya sa kuma aka ba Pickle. Bisa al'ada matsakaicin jirgin yaƙi ake aikawa da albishir irin wannan, amma Collingwood 'yan ƙalilan gare shi, kowanne na jan wani gurgun jirgi, shi kansa a cikin ɗayansu, Euryalus, ya tare tun da nasa ya rasa ginshiƙansa. Wanda za a iya rasawa ba a ji a jiki ba, shi aka aika. Ranar 26 ga Oktoba aka kira Lapenotière aka damƙa masa takardun labarin yaƙin.

Tafiyar teku ta ɗauki kwana tara, nisan ya kai mil 1,000. Kusa da tsinin São Vicente na Fotugal ya haɗu da wani jirgin Ingila, Nautilus, ya gaya wa kwamandansa John Sykes abin da ake ciki. Sykes ya biya ta Lisbon, sannan shi ma ya miƙi hanyar Ingila, abin ya zama tsere. Daura da tsinin Finisterre iska ta sake haukacewa, Pickle ya soma shan ruwa, mutanensa suka dukufa a kan famfo da bokitai, har Lapenotière ya sa aka tura igwa huɗu cikin teku don a rage nauyi. A tuna fa, a ruwan nan akwai manyan jiragen Faransa huɗu da suka tsere daga Tarafalga, ba a kama su ba sai 4 ga Nuwamba. Jirgin da ya zubar da rabin makamansa ba shi da abin kare kai sai gudu.

A wannan rana ta 4 ga Nuwamba ya iso Falmouth, can ƙuryar yammacin Ingila. Iska ba ta ba shi damar ci gaba da sauri ba, garin kuma tashar jiragen gidan waya ne, akwai hanyar doki mai kyau daga nan. Hasumiyoyin isar da saƙo da alluna da suka haɗa Landan da Portsmouth tun 1796 ba su kai Plymouth ba sai 1806, don haka ba makawa sai mutum ya je da kansa. Ya ɗauki hayar keken doki, ya bi ta Truro, Exeter, Dorchester da Salisbury, mil 271, aka sauya dawaki sau 21, ya yi kimanin awa 37 a hanya. Kuɗin da ya kashe yana rubuce: fam 46 da sule 19 da kwabo 1, kusan rabin albashin laftanar na shekara. Ya shiga Landan cikin hazo, ya isa hukumar da ƙarfe ɗayan dare, wayewar 6 ga Nuwamba. Sakatare William Marsden na shirin tashi daga aiki ya gan shi. Ya shaida masa an yi babbar nasara amma an rasa Nelson. Marsden ya ɗauki kyandir ya je ya tayar da shugaban hukumar, Lord Barham, tsoho mai shekara 79, akawuna suka kwana suna kwafe takardun. Sykes ya iso jim kaɗan bayansa.

Kwana 16 ke nan tsakanin yaƙi da labarinsa, kuma ya zo a kan gaɓa. 'Yan kwanaki kafin nan Landan ta ji cewa sojojin Ostiriya sun miƙa wuya ga Napoliyon a Ulm, zukata duk sun karye. Ban da kwantar da hankali, hukumar na bukatar sanin jirage nawa suka lalace, nawa za a tura, ina ragowar abokan gaba suka nufa. Lapenotière, mai shekara 35, wanda ya haura shekara goma yana laftanar, ya sami muƙamin kwamanda, da fam 500, da takobin girmamawa. A 1811 ya zama kyaftin, ya mutu a 1834. Tun 2005 hanyar da ya bi take da alluna a zango-zango, ƙananan hafsoshin sojan ruwan Ingila kuma suna liyafar tunawa da jirgin a farkon kowane Nuwamba. Ya cancanci abin da ya samu. Sai dai mutanen da suka kwana suna kwarfe ruwa daura da Finisterre, sunayensu na nan a littafin rajistar jirgin, ba kasafai ake ambatonsu ba.

Ba don in yi wa daular Ingila kirari nake ba da labarin nan ba. Abin da ke cikin jakar Lapenotière ya shafe mu. Bayan Tarafalga an yi shekara ɗari babu rundunar da ta fi ta Ingila ƙarfi a teku. Da wannan ƙarfi ta soma tare jiragen bayi a gaɓar Afirka ta Yamma daga 1808, da shi kuma ta yi wa Legas ruwan wuta a 1851, ta haɗiye ta a 1861, hanyar da aka buɗe a nan ita ce ta kai Kano da Sakkwato a 1903.

Pickle ya koma bakin aikinsa da sabon shugaba. Ranar 3 ga Janairu 1807, ƙarƙashin Laftanar Daniel Callaway, ya riski wani jirgin Faransa mai lasisin fashi a teku, Favourite, daura da tsinin Lizard. Wancan igwa 14 gare shi da mutum 70. Pickle ya manne masa, mutanensa suka haura suka ƙwace shi. Shi ma Callaway daga baya ya bar jirgin. Haka al'adar take, hafsa ya yi suna a kan ɗan jirgin ya wuce gaba, jirgin da matuƙansa su zauna jiran na gaba.

Na gaban shi ne Laftanar Moses Cannadey, kuma a zamaninsa yaƙin ya sauya fuska. A Mayu 1808 mutanen Madrid suka tayar wa Faransawa, tawayen ya bazu. A Yuni jiragen Faransa da ke maƙale a Kadis tun bayan Tarafalga suka miƙa wuya ga Sifaniyawa, a Yuli wata rundunar Faransa ta ƙasa ta yi haka a Bailén. Collingwood na bakin Kadis yana mu'amala da shugabannin tawayen, ana maganar makamai da kuɗi da sojoji. A irin wannan lokaci kowace wasiƙa daga Landan ta gaggawa ce, kuma Pickle aka ɗora wa su.

Da yammacin 26 ga Yuli Cannadey ya hangi tsinin Santa Maria a kudancin Fotugal, ya ɗauki saitinsa daga nan, ya miƙe gabas. Da tsakar dare masu gadi suka ga farin kumfa a gaba, alamar ruwa na karyewa a kan dutse. Mai riƙe da sitiyari ya yi maza ya karkata, amma aikin gama ya gama. Jirgin ya daki ƙasa, ruwa ya soma kwarara, ya kwanta ta hagu. Mutane suka sauka cikin kwale-kwale suka kai tudu, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Da gari ya waye Cannadey ya koma ya tarar gindin jirgin ya fashe gaba ɗaya, a nan kuma ya gane inda yake: duwatsun Chipiona, a bakin kogin Guadalquivir, arewa da Kadis. Jakar wasiƙun na ƙarƙashin ruwa. Wani gwanin nutso ɗan Malta ya yi kwana uku yana shiga yana fita kafin ya fito da ita.

Kotun soja ta zauna ranar 2 ga Agusta. Ta ce kuskuren lissafin nisan da aka ci ne ya jawo, kuskuren da ba a gano dalilinsa ba, ta tsawata wa Cannadey, ta gargaɗe shi ya riƙa kula.

Ya kamata a san yadda ake wannan lissafi. Matuƙi zai jefa wani ɗan katako a ruwa, ɗaure da igiya mai ƙulli-ƙulli, wani ya kifa agogon yashi na kusan rabin minti, a ƙirga ƙulli nawa suka zare. Wannan ne gudun jirgi. A haɗa da inda kamfas ya nuna da awannin da suka wuce, a ɗiga alama a taswira. Daidai yake da mai tafiya cikin duhu yana ƙirga takunsa, in ƙasar da yake takawa ita ma tana tafiya, ƙirgen ba zai gaya masa ba. Igiyar nan gudun jirgi a cikin ruwa take aunawa, ba ta san ruwan kansa yana gudu ba, kuma a wannan yanki teku kan ja gabas, wajen mashigin Jibralta. In an ƙara da ɗan kuskure wajen kintatar nisan tsinin da aka hanga da magariba, a tafiyar kimanin mil 70 jirgi sai ya riga lissafinsa isa. Agogon teku mai nuna wa jirgi matsayinsa tsakanin gabas da yamma yana da tsada, ba a raba wa ƙananan jirage a lokacin. Gaɓar Chipiona kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsaunin da za a hango da dare. Tun zamanin Rumawa aka san haɗarin duwatsunta har suka gina hasumiya a wurin, amma doguwar fitilar da ke can yanzu ba a kunna ta ba sai 1867.

Ban wanke Cannadey ba. Yana da igiyar awon zurfi mai darma a baki, da an riƙa jefa ta da ta nuna ƙasa na matsowa. Yana iya rage filafilai ya jira asuba. Wanda ke da rayuka 40 a hannunsa bai kamata ya tunkari gaɓar da ba ya gani da cikakken gudu ba. Amma a dubi abin da aka koya wa hafsoshin irin waɗannan jirage. Lapenotière ya ƙi sassautawa cikin hadari, ya zubar da igwogin gwamnati, aka ba shi muƙami da takobi, kuma kowane laftanar ya san labarin. Da ya hau dutse a bakin Ingila a daren 3 ga Nuwamba, da shi za a gurfanar. Babban jirgi yana da gwanin hanya na musamman da mataimakansa, da hafsoshi masu karɓar juna. A sukuna mutum biyu ko uku ne ke raba dare da rana, bayan kwanaki suna fama da teku. Hukumar da ke son wasiƙa ta isa da wuri ta san da haka, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ina ganin alƙalan sun fahimci wannan, su ma matuƙa ne, shi ya sa suka tsaya a kan tsawa ba su kore shi ba.

Ƙarshen Pickle ba baƙon abu ba ne. A yaƙe-yaƙen 1793 zuwa 1815, jiragen da sojan ruwan Ingila ya rasa ta hanyar dutse da guguwa sun fi waɗanda abokan gaba suka ci yawa nesa ba kusa ba, ƙananan kuma su suka fi shan wahala. Daga 1803 zuwa ƙarshen 1805 hukumar ta ba da kwangilar ƙera wasu sukuna 30, guda 18 a Bamuda, 12 a Ingila, waɗanda ba su ma kai Pickle ba, igwa 4 da mutum 20 kowanne, don wannan aiki na aike. Yawancinsu ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Wasu an kama su, wasu sun farfashe a gaɓa, wasu sun nutse da duk wanda ke ciki. Mutanen Pickle tasu ta zo da sauƙi, don ta same su kusa da tudu, mako uku kacal bayan Ingila ta sanar da daina yaƙi da Sifaniya ranar 4 ga Yuli. Da wata uku kafin nan ne, da kurkuku za a wuce da su.